Abin da Mai Gyara ya Gani a Cikin Rakoda



Akwai gidaje a Nima da Sabon Zango da Aboabo waɗanda har yanzu suke da tsohuwar rakodar DVD a ƙarƙashin talabijin, an lulluɓe ta da kyalle. Kamfanin Pioneer ne ya fara fitar da irinta a Jafan a shekarar 1999, mu kuwa yawancin namu gwanjo ne daga Turai. Babu wanda zai damu da ita in ba don abin da ta ɗauka ba: ɗaurin auren yaya, sunan ƙane, muryar kaka da ta riga mu gidan gaskiya. Faifan da aka ɗauka ba a kammala rufe shi ba sau da yawa ba ya buɗuwa sai a cikin rakodar da ta rubuta shi ko 'yar'uwarta. To, ran da ta ƙi karɓar faifai, dole a nemi mai gyara.

Mu da muka zauna a bencin gyara mun san cutar ba iri ɗaya ba ce. Wani lokaci 'yar robar da ke jan tire ce ta saki. Wani lokaci ƙura ce ta rufe idon leza, auduga da ɗan sifirit sun isa. Wani lokaci kuma lezar ce ta tsufa, ta fara gaza rubutu, domin rubutu ya fi karatu cin ƙarfi, daga baya karatun ma ya gagara. A nan sai an canja injin faifan ɗungurum. Sabo kuwa da wuya a same shi, na kwamfuta kuma yawanci ba ya shiga, don kamfanoni da dama nasu suka ƙera. Sai dai a ciro daga wata rakodar da ta mutu.

Ga tambayarmu. Mai kaya bai ga cikin na'urarsa ba, ko ya gani ma ba zai gane ba. Shin wajibi ne mai gyara ya gaya masa duk abin da ya tarar?

Wani zai ce ai amsar a fili take. Mu ma mun yarda, amma mu saurari mai gyaran tukuna. Zai ce: "In na faɗa wa Alhaji roba ce kawai, sidi biyar zai miƙo mini. Shekarun da na yi gaban maigida ina shara da riƙe waya kafin in iya gane robar, wa zai biya su? In na ce inji na canja, sai ya biya ba musu." Wannan kuka gaskiya ne, kuma laifinmu ne mu masu kai gyara. Muna biyan ƙarfen da muka gani, muna raina sanin da ba mu gani ba.

Duk da haka uzurin bai karɓu ba. Wanda ya karanta Risala a makarantar dare zai tuna an hana ɓoye aibi a ciniki, kuma mai sana'a shi ke lamunin kayan da aka bar masa. Bari ma mu duba ɓarnar da idonmu. In aka sa wa Alhaji tsohon inji aka ce sabo ne, zai saki jiki, yana zaton yana da shekaru a gaba, alhali lezar da aka ciro daga gawa wataƙila watanni suka rage mata. Da an gaya masa, da a makon nan ya rufe faifansa duka, ya kwashe su zuwa kwamfuta. Kuɗin da aka ci masa kaɗan ne in aka gwada da muryar mahaifiyarsa.

Mai gyara yana da hanyar da zai bi. Ya sa wa dubawa kuɗinta tun kafin ya kwance noti, ya faɗi na kaya daban, na hannu daban, ya miƙa wa mai kaya abin da ya cire a leda. Wasu za su tafi shagon gaba, ba mu musa ba. Mu kuma, ran da aka nuna mana 'yar baƙar roba aka ce ita ce duk cutar, mu biya ladan da aka yanka, kada mu tsaya muna auna ta a tafin hannu.