A Tashi Kafin a Samu, ko a Samu Kafin a Tashi?

Shawarar da aka fi ba matashi mai niyyar barin gida a wannan zamani gajeriya ce: kada ka tashi sai aiki ya samu a can. Iyaye suna faɗar ta, malamai suna faɗar ta, 'yan'uwanmu da suka riga mu zama a Kano da Kaduna da Abuja ma ita suke maimaitawa a waya, su ƙara da cewa gari ba kamar da ba ne. Kuma gaskiya suka faɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Zuwa Disambar wannan shekara, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Duk wanda ya sauka a tasha a birni ba aiki a irin wannan hali, guzurinsa narkewa yake yi kamar kitse a wuta.

Sai dai shawarar tana ɗauke da wani zato da ba a furta shi, wato cewa zaman gida kyauta ne, mutum zai iya jingina da bango ya jira har a kira shi. Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san kuɗin wannan zama. Ƙasarmu ƙasar masara ce da dawa da waken suya, kuma Daudawa ta yi suna da auduga tun zamanin Turawa. Yau gonar da ta yi nisa da gari ta zama ta kallo daga nesa, a wasu ƙauyuka kuwa sai an tara wa 'yan bindiga kuɗi kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a girbe. Ba mu manta da Kadisau ba a watan Yunin 2020, ba mu kuma manta da daren 11 ga Disambar 2020 ba, da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, har aka sako 344 bayan kusan mako guda. Saurayin da aka ce ya zauna ya jira, daga rumbun da ke raguwa yake ci, kuma kowane dare yana kwana cikin haɗarin da mai ba shi shawara daga Abuja ba ya kwana a ciki.

Akwai kuma masu cewa ai yanzu zamani ya canza, daga ɗakinka za ka nemi aiki har ka yi shi. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mu aka fi yi wa wannan albishir. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, namu uku suna ciki, har da Funtuwa da Malumfashi da muka saba gudu zuwa cikinsu, kuma ba a buɗe ba sai a Disamba. Mutum ya hau mota ya bar ƙaramar hukumarsa don kira ɗaya tak, ina zancen aikin intanet? A can Amurkar da ake hange ma, Meta ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000 bayan wata biyu. Ƙofar tana nan, amma ƙarama ce ƙwarai, kuma mai wutar lantarki da layi mai ƙarfi ya fi kusa da ita.

Mu kuma duba irin aikin da ake magana a kai. Takardar ɗaukar aiki da ake aiko wa mutum tun yana gida, rabon 'yan tsiraru ne masu digiri da hanya. Mafi yawanmu abin da ke jiranmu a birni shi ne gadi, dako, leburanci a wurin gini, tura ruwa, teburin shayi, jiran shago. Waɗannan ba a ba da su ta waya. Wanda aka gani tsaye da sassafe shi ake ce wa ya ɗauki shebur. Zuwa da kai ya fi saƙo. Saboda haka idan aka ce wa irin wannan matashi kada ya tashi sai ya samu, a zahiri an ce masa kada ya tashi har abada, an dai sakaya maganar ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, John Harris da Michael Todaro, da suka yi nazarin Kenya, sun bayyana a 1970 abin da ya sa mutanen karkara ke ci gaba da kwarara birni alhali birnin cike yake da marasa aiki: mutum yana auna yawan abin da zai samu in ya dace, da yiwuwar dacewar, sannan ya gwada da abin da ke hannunsa. Idan na hannun ya ƙanƙance, ko ƙaramin tsammani ya ishe shi ya ɗaura kaya. Wannan lissafi ne irin na mai hankali, ko da yake mai hankali ma yakan faɗi.

Kakanninmu ba su san takardar ɗaukar aiki ba, amma ba su yi tafiyar makafi ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna bin ayari ne ƙarƙashin madugun da ya san rijiyoyi da zanguna, kuma a kowane zango akwai mai gidan da zai saukar da su, ya adana kayansu, ya tsaya musu a ciniki. Unguwar Sabo ta Ibadan, da aka kafa a 1916, a kan wannan tsari na masu gida ta ginu. Hijirar Manzon Allah (SAW) a shekarar 622 ma sai da mubaya'ar Aƙaba ta gabace ta har sau biyu, aka tura Mus'ab bin Umair ya share fage, Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma, aka ɗauki ɗan jagora. Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba wani aiki da ke jiran sa, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Masu wa'azi suna son wannan ƙissa don nuna dogaro da kai, mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu a cikinta shi ne akwai wanda ya tambaya: Sa'ad bin Rabi'a, da aka haɗa su 'yan'uwantaka, wanda ya karɓe shi da zuciya ɗaya. Abin da matafiyi ba ya iya yi ba tare da shi ba shi ne masauki. Aiki kan biyo baya.

A nan ne kuma nauyin maganar yake, domin masauki na wani ne. Matashin da ya kira daga tashar Kawo ya ce, "Yaya, ga ni na iso," ya riga ya yanke hukunci da aljihun da ba nasa ba. Ya san kunya ba za ta bar yayan ya ce masa ya koma ba. Shi kuwa yayan, wataƙila albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba, a lokacin da buhun shinkafa ya kai ko ya wuce haka a kasuwanni da dama. Ɗaki biyu ne, ga mata ga 'ya'ya. Matar gidan ce za ta ƙara ruwa a miya, ita ce za ta rasa sakewa a tsakar gidanta, ita ce kuma za a kira marowaciya a ƙauye ranar da fuskarta ta nuna gajiya, alhali ba wanda ya yi shawara da ita. An ce baƙo raɓa ne, to raɓar da ta yi wata bakwai fa? Mun ga zumuncin da ya mutu a kan wannan, ba tare da an taɓa ɗaga murya ba.

Mu a ganinmu, tashi kafin samun aiki halal ne, har yakan zama wajibi ga wanda zama ke cinye shi. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗora wa wani caca ba da yardarsa ba. Ƙane ya tambaya tun yana gida: "Yaya, in na zo, kwana nawa za ka iya riƙe ni ba a takura ba?" Yayan kuma ya daure ya ba da amsa ta gaskiya: "Wata biyu, ƙanena. In na ce fiye da haka na yaudare ka." Wannan amsa ta fi "Allah ya kawo ka lafiya" da ake faɗa da baki zuciya na ƙuna. Kunya ado ce a wurinmu, amma a wannan gaɓa ita ce ke hana kowa sanin inda ya tsaya.

Sannan ga batun abin da ake sayarwa a yi guzuri. A sana'armu ba a taɓa manhajar da mutane ke amfani da ita sai an ajiye kwafin tsohuwar, domin in sabuwar ta ƙi, a koma. Gona ita ce wannan kwafi. Wanda ya sayar da akuya biyu ya yi kuɗin mota, in ta ƙi zai dawo ya samu abin kamawa. Wanda ya sayar da gonar gado, a lokacin da rashin tsaro ya karya darajarta, ya saki reshe ya kama ganye, kuma reshen ma ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai rabon ƙannensa mata a ciki. 'Yan'uwanmu nawa suka sayar da shanun huɗa suka sayi babur don acaɓa a Legas, sai ga gwamnatin jihar ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ana kama babura ana murƙushewa? Kano ma ta hana tun a Janairun 2013. Sana'ar da sanarwa ɗaya ke iya kashewa ba a zuba mata dukan abin da aka mallaka.

Duk wannan magana ce ta wanda ke da zaɓi. Wanda aka ƙone wa ƙauye ya kwana a kangon gini a Funtuwa ko Katsina, ba mu da bakin yi masa lissafi, sai dai mu matsa masa wuri.

Cin rani na da yana da kalanda. A tafi bayan an kai amfani gida, a dawo da ruwan farko, da turmin atamfa ko ba shi. Kowa ya san ranar dawowa, don haka dawowa ba ta zama abin kunya ba. Tafiyar yanzu ba ta da wa'adi, kuma mu da muka rage a gida muna da hannu a ciki. Mu ne ke zaune a majalisa muna duba takalmin wanda ya dawo, muna tambayar sa tsarabar Abuja da murmushin da ya san ma'anarsa. Shi ya sa wani ya gwammace ya kwana a ƙarƙashin gada shekara biyu da ya shigo gari hannu rabbana. Ya daina kiran gida saboda ba abin aikowa, daga baya ya canza lamba. A can gida kuwa matarsa tana ɗakin surukai da goyo, hatsin da ya bari ya ƙare tun kafin damina ta tsaya, ba ita ce mai aure ba, ba ita ce bazawara ba. Daga ƙarshe mahaifinta ne zai ɗauki sandarsa ya raka ta gaban alƙali, a tambaye ta yaushe rabonta da jin muryar mijinta, ta fara ƙirga watanni da yatsu.