Wa Ake Gaisarwa, Mutum Ko Kujera?

'Yan'uwa masu karatu, sa'ad da muka durƙusa muka gai da babba, shi muke girmamawa, ko kuwa kujerar da yake kai? Ba a sanin amsa sai ranar da ya sauka. Bari mu dubi wannan tambaya ta wurin labarin wasu birai.

Akwai wani babban biri marar wutsiya da ake ce da shi cimfanzi. A shekarar 1960 wata Baturiyar Ingila, Jane Goodall, ta fara lura da zamansu a dajin Gombe. Ba Gombe tamu ba, wata ce a bakin Tafkin Tanganyika, cikin ƙasar Tanzaniya. Ta ga kowace ƙungiya tana da namiji guda wanda yake gaba da duka. In ya zo, sai na ƙasa su sunkuya, su yi masa wani gurnani na gaisuwa, su tsince masa datti daga gashinsa. Masu binciken sun raɗa wa kowane biri suna.

A shekarar 1964 shugabansu shi ne Goliath. Akwai kuma Mike, wanda ba a ɗauke shi a bakin kome ba. Sai Mike ya gane cewa garwar kananzir da ba kome a ciki tana da ƙara mai ban tsoro. Yakan ɗauko biyu ko uku daga zangon masu binciken, ya sheƙo a guje yana gara su gabansa, manyan maza su watse. Da haka ya karɓe shugabanci, har Goliath ma ya sunkuya masa. Ashe garwa ta isa ta juya gaisuwar jama'a. Daga baya ƙungiyar ta rabu biyu, Goliath ya bi 'yan kudu. A shekarar 1975, ya tsufa, ba ya iya kāre kansa, sai mazan arewa, waɗanda dā suke zama tare da shi, suka far masa da duka. Raunukan nan ne suka zama ajalinsa.

Ga kuma labarin wa da ƙane, Freud da Frodo, uwarsu ɗaya. Freud ya riƙe shugabanci da neman abokai, yakan zauna yana tsince wa na ƙasa da shi datti. A shekarar 1997 ƙazuwa ta kama shi, ƙanensa ya ƙwace matsayin. Duk da haka Freud ya ci gaba da zama cikin jama'arsa har ya wuce shekara 40. Frodo kuwa ƙato ne, nauyinsa wajen kilo 51, mulkinsa na ƙarfi ne da duka, da wuya ya tsince wa wani namiji datti. Da ciwo ya kama shi a shekarar 2002, sai mazan suka haɗa kai suka kā da shi. Ya daɗe yana yawo shi kaɗai kafin ya komo, ya zauna can ƙasa.

Wani zai ce, "To, ga darasi: ka yi mulki da alheri, za ka sauka lafiya." Da gaskiya cikin wannan, ya kamata duk mai riƙe da iko ya ji. Amma kada mu tsaya nan. Goliath ba ya riƙe da kome sa'ad da aka kashe shi, ba ya kuwa neman kome. Laifinsa kaɗai shi ne ya zama na wancan gefe, ƙarfinsa kuma ya ƙare. Wanda yake yin alheri don tsoron ranar sauka, ciniki yake yi, cinikin kuwa ba kullum yake riba ba.

Ba mu ɗora wa biri laifi, gama ba ya iya zama ya tambayi kansa ko abin da ya yi daidai ne. Mu muna iyawa. Saboda haka babbar tambaya tana kanmu, mu masu gaisuwa. Ku tuna da tsohon shugaban makaranta da ya yi murabus, ko dagacin da aka tuɓe, ko dattijon ikilisiya da ba a sake zaɓa ba. Bara ƙofar gidansa cike take da takalma, bana sai kaji. In mun daina zuwa, lalle mun shaida a kan kanmu cewa dā ma kujera muke gaisarwa.

In kuwa ya zalunce mu lokacin da yake sama fa? A faɗa masa gaskiya, a nemi hakkin wanda aka cuta, wannan wajibi ne. Amma taka wanda ya riga ya fāɗi ba shari'a ba ce, nuna ƙarfi ne kawai, watau ainihin abin da muka ƙi a wurinsa.

Kowannenmu ya san wani wanda aka daina zuwa gidansa. Hanyar gidan ba ta ɓace ba. A wannan mako ka tashi ka je ka gaishe shi, ka kuwa durƙusa kamar yadda ka saba.