Idon da Ake Ba Mai Kallo Aro

A garin Cake, cikin gundumar Mayahi, dare yana da tsoffin ma'abotansa: Dodo mai haɗiye ƴammata, mayya mai kama kurwa, aljanin gindin tsamiya. Kaka ce take fito da su bayan sallar lisha, ita ce kuma take maida su da kalmar ƙurunƙus. Yanzu sun sami abokan zama daga nesa, cikin salula da katin ajiyar da ake cikawa da finafinai. Malamai da uwaye suna kuka da yawan jinin da yara suke gani. Kukan yana da hujja, amma akwai tambayar da ta fi shi nauyi, kuma wani tsohon shirin talbijin na Amurka ya fito da ita fili.

Shirin shi ne Tales from the Crypt, wanda masu jin Faransanci suka sani da Les Contes de la crypte. Tashar HBO ta watsa shi daga 1989 zuwa 1996, kashi 93, kowane da labarinsa da mutanensa. Abin da ya haɗa su shi ne mai gabatarwa, wata ruɓaɓɓiyar gawa mai tsaron kushewa, wadda take buɗe labari da ba'a, ta rufe shi da ƙyaƙyata. An ɗauko labaran daga mujallun zane na kamfanin EC Comics, waɗanda William Gaines da Al Feldstein suka fitar tsakanin 1950 da 1955. Ƙirarsu kusan ɗaya ce: mutum ya yi ha'inci ko kisa saboda kuɗi ko kishi, sai sakayya ta auna masa da mudun da ya auna wa wani. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da shi ya ce a gina ramin mugunta gajere.

A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafin da ya ɗora wa irin waɗannan mujallu alhakin lalacewar yara. Kwamitin majalisar dattawa ya zauna, Gaines ya ba da shaida, kamfanoni suka kafa wa kansu ƙa'idar tacewa, kuma a 1955 mujallun tsoro na EC suka mutu. Wanda ya tuna yadda aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007 ya san irin wannan fargaba. Abin lura shi ne ƙa'idar ta wajabta cewa a kowane labari alheri ya yi rinjaye, a hukunta mai laifi. Masu tacewa sun hana jini, suka bar hukunci, har suka mai da shi farilla, alhali a cikinsa matsalar take.

Me ya sa zuciya take yin sanyi idan gawa ta tashi ta shaƙe wanda ya kashe ta? Saboda an nuna wa mai kallo kome tun farko. Ya ga gubar da aka zuba, ya ji ƙulle-ƙullen da aka yi a ɗaki, har niyyar zuci an buɗe masa. An ba shi aron idon da babu ɗan Adam mai shi. Da wannan ido hukunci ba ya da nauyi: babu shakka, babu shaidar zur, babu yiwuwar kuskure, sai daɗi zalla. Alƙali na gaskiya bai taɓa ɗanɗana wannan daɗi ba. Abin da yake da shi shaidu ne da rantsuwa da tsoron Allah, shi ya sa malaman fiƙihu suka koyar cewa shubuha tana kawar da haddi.

Haɗarin yana nan a lokacin da aka kashe salula, ido ya koma wurin mai shi, tabbacin kuwa ya zauna a zuciya. Kowa ya san yadda abin yake a karkara. Da damina yaro ya kwanta zazzaɓin cizon sauro, zafi ya hau kansa, ya yi sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa. Kafin gari ya waye ta zama mayya, an taru ana neman ta tsallake shi. Babu wanda ya ga an kama kurwa. Amma taron yana jin kansa kamar mai kallon da ya ga farkon fim, kuma wannan tsohuwa da jikokinta za su ɗauki sunan har a wajen neman aure.

Gaskiya ita ce tatsuniya ma ba ta kuɓuta ba. Ita ma tana nuna muguntar mowa a sarari, ta sa yara su yi shewa idan ƴarta ta halaka. Sai dai kaka tana ganin fuskar jikanta, ana iya katse ta a tambaye ta, kuma a ƙarshe takan jingina ƙaryar ga Gizo. Mai tsaron kushewa kuwa dariya yake yi, ba a iya tambayarsa.

Duk da haka shirin ya san ciwonsa. Kashin farko, wanda Walter Hill ya ba da umarni a 1989, labarin wani hauni ne mai suna Niles Talbot, mai kunna kujerar lantarki a gidan kaso. Aka soke hukuncin kisa, ya rasa aiki. Sai ya shiga bin waɗanda kotu ta sallama yana kashe su da lantarki, yana duban mai kallo ido da ido yana ba shi hujjojinsa, mai kallo kuma yana gyaɗa kai. Aka kama shi daidai lokacin da aka maido da hukuncin. Da aka ɗaure shi a kujerar, ya yi ta magiya irin wadda ya saba yi wa dariya, yana cewa gwamna zai bugo waya. Mai kallon da ya gyaɗa masa kai ɗazu ya gyara zama, ya ji daɗin wannan ma.