Shin Bashin Gwamnati Bashi Ne?

Akwai wata magana da muka daɗe muna ji a bakin jama'a, tun daga teburin mai shayi har zuwa cikin motar haya, duk lokacin da aka ambaci rancen da hukuma kan bai wa masu ƙananan sana'o'i. Maganar kuwa ita ce, "Ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne ya rantse." Mai faɗin haka ba ya jin ya yi laifi, masu saurarensa ma ba su ganin ya yi abin kunya, alhali kuwa da maƙwabcinsa ne ke bin sa naira dubu biyu, da sai ya sake hanya don kada su haɗu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna mu tambayi kanmu: shin bashin gwamnati bashi ne da ke wuyan mutum kamar kowane bashi, ko kuwa kyauta ce aka sauya mata suna?

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu tsallaka gada zuwa kudancin Kogin Kaduna, inda unguwannin Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Television da Sabon Tasha suke. Masana'antu ne suka raya wannan ɓangare na gari. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a shekarar 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa daga sassan ƙasar nan suna neman aiki. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL kuma a 2007, sai dubban iyalai suka koma ga abin da hannu zai iya, wato ɗinki da walda da kanikanci da sayar da abinci da tuƙa Keke Napep. Irin waɗannan mutane, abin da suka samu da rana shi ake ɗorawa a murhu da dare.

A kansu ne dokar kulle ta faɗo ranar 26 ga Maris 2020 saboda annobar korona, ta kuma ɗauki fiye da wata biyu, in ban da 'yan ranakun da ake ba da dama a fita sayen abinci. A cikin watan na Maris Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 domin rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL, da kuɗin ruwa na kashi 5 cikin 100 a farko. A watan Satumba kuma gwamnatin tarayya ta fito da wani shiri na naira biliyan 75, wanda a cikinsa aka bai wa masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000 kowanne, kyauta ba rance ba. Ka ga ke nan abu biyu ne mabambanta suka zo kusan lokaci guda, ɗaya na biya, ɗaya ba na biya ba, amma a bakin jama'a duk sunansu ɗaya: kuɗin korona. Da lokacin biya ya yi, bankin ya fara cire kuɗinsa daga asusun masu bashi ta hanyar lambar BVN, sai aka shiga kuka ana cewa an yi zalunci.

Adalci shi ne mu fara sauraren wanda ya ƙi biya, domin ba a rasa shi da hujja ba. Zai ce da mu, "Wa ya rufe mini shago? Ba ni na rufe ba, hukuma ce ta rufe domin lafiyar kowa da kowa. To yaya za a hana ni nema, sannan a ba ni bashi a ce an taimake ni?" Idan ɗan Kakuri ne zai ƙara da cewa masaƙar KTL mallakar gwamnatocin jihohin Arewa ce, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa har suka rasu ba su karɓa ba, don haka wanda bai biya ubansa ba da wane baki zai bi shi bashi? Zai kuma tuna mana da rancen naira 10,000 na TraderMoni da aka yi ta rabawa a kasuwanni a 2018, ana saura 'yan watanni zaɓe, wanda mutane da dama suka ɗauka goron siyasa ne. Waɗannan maganganu ba na banza ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To amma mu duba al'amarin ta wata fuskar. A duk waɗannan unguwanni ana yin adashi, kuma da wuya ka ji wanda ya kwashi nasa ya ce ba zai ci gaba da zubi ba. Me ya sa? Domin ya san fuskar wadda ke jiran ɗauka bayansa, ya san cewa idan ya ƙi zubi, kuɗin makarantar 'ya'yanta ya riƙe. Rancen hukuma shi ma adashi ne, illa dai zubinsa ya yi faɗin da ba mu iya ganin mai ɗauka na gaba. Gwamna ko minista ba ya rasa abincin dare don wani tela a Narayi ya ƙi biya. Wanda ke rasawa shi ne telan da ke kusa da shi, wanda idan wata masifar ta zo, gobarar kasuwa ce ko ambaliyar kogi, za a ce masa asusun ya ƙare, ko kuwa a gindaya masa sharuɗɗan da ba zai iya cikawa ba saboda na baya sun ci amana. Mun ga haka da Bankin Al'umma, wato People's Bank, da aka kafa a 1989 domin bai wa talakawa rance ba tare da jingina ba, wanda rashin biyan bashi na cikin abubuwan da suka raunana shi, har aka haɗe shi da wasu hukumomi a shekarar 2000.

Haka nan hujjar cewa manya ma suna ci, idan muka bi ta a hankali, ba ta kai mu ko'ina. Mai sata a ofis shi ma abin da yake faɗa wa zuciyarsa ke nan, cewa dukiyar gwamnati ba ta da mai ita. Idan muka amince da wannan ra'ayi a kan naira dubu ɗari biyar, to mun rasa bakin da za mu zargi wanda ya yi amfani da shi a kan biliyan biyar, domin bambancinmu da shi dama ce kawai. Bashin da masaƙa ta riƙe wa uba gaskiya ne, kuma wajibi ne a biya shi, amma ba ya goge sa hannun da ɗa ya yi a kan takarda yana cikin hankalinsa. Alkawari kaya ne, kuma a nan masallaci da coci ba su saɓa ba.

Sai dai kuma ba za mu wanke hukuma ba. Babban kuskurenta, a ganinmu, shi ne bai wa mai jin yunwa rance. Rance na wanda zai juya kuɗi ne ya sami riba ya biya. Mutumin da aka kulle a gida wata biyu, duk abin da ya shigo hannunsa masara da kuɗin haya zai tafi, ba zare da yadi ba, kuma mai ba da rancen ya san haka. Wanda aka rufe wa shago domin amfanin jama'a diyya ta kamace shi, a kuma kira ta da sunanta. A Amurka, rancen da aka bai wa ƙananan kamfanoni a 2020 tun farko an bayyana cewa za a yafe shi ga wanda ya yi amfani da shi wajen biyan albashin ma'aikatansa, saboda haka kowa ya san matsayinsa. Mu kuwa sai a ba da rance cikin kiɗa da jawabi kamar kyauta, bayan shekaru a zo karɓa kamar haraji. Hukumar da ke yin haka ita ke koya wa jama'a cewa kalmar rance ba ta da nauyi.

Saboda haka amsarmu ita ce, bashin gwamnati bashi ne, amma masu cinsa ba ɗaya suke ba. Akwai wanda jarinsa ya karye da gaske, wannan a yi masa sauƙi, a ƙara masa lokaci ko a yafe masa a fili, shi kuma ya je ya bayyana halinsa maimakon ya sauya layin waya. Akwai wanda sana'arsa ta farfaɗo, yana da halin biya ya ƙi, wannan ya sani cewa haƙƙin maƙwabcinsa ya danne. Akwai kuma wanda ko tebur bai taɓa kafawa ba, ya ƙirƙiri sunan kasuwanci ya karɓe rabon mai sana'ar gaske, wannan ba ma cikin masu bashi za a lissafa shi ba.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Da yawanmu mun san zafin kai littattafai kasuwa bashi, a sayar a riƙe kuɗin, bugu na biyu ya gagara. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya rubuta labarin da mai cinye rancen hukuma zai fito a matsayin gwani mai wayo ba. Aikinmu ne mu nuna wa mai karatu fuskar nan da ba ya gani, ta mai jiran ɗauka na gaba, wata mai tuyar ƙosai a Kakuri ko wani makaniki a Sabon Tasha. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma cin sa ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a ci a ce ba a san mai shi ba.