Wane ne ya ga tauraron, fim ko na'ura?

Masu sha'awar ɗaukar hoton taurari suna da wata gardama da ta ƙi ƙarewa. Tsofaffin hannu, waɗanda suka yi zamanin fim, cewa suke hoton yanzu ƙarya ce mai kwalliya, kwamfuta ce ta haɗa shi. Na bayansu kuma su ce fim ai makaho ne. Ni ɗalibin harshe ne, don haka kalmomin suka fara jan hankalina. Da, muna cewa a "wanke" hoto, kamar hoton yana nan tun farko, datti kawai za a cire. Yanzu kuwa sai ka ji an ce a "gyara" shi. Kalma ta farko tana ɗauke da amana, ta biyu da zargi. To, shin sun cancanci hakan?

Mu duba fim tukuna. A 1880 Henry Draper ya ɗauki hoton gajimaren Orion na farko, ya bar faifansa a buɗe minti 51. Wahalar ba ta ragu sosai ba har shekara ɗari bayansa. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, saboda haka mai hoto yana manne da madubin hange cikin sanyin dare, yana bin tauraro ɗaya da hannu, in ya yi gyangyaɗi aikin ya lalace. Ga shi fim yana da wata lalura: in haske ya yi rauni, ninka lokaci ba ya ninka abin da ya kama, kamar ya gaji. Shi ya sa wasu ke gasa fim cikin iskar haidurojin kafin su fita, wasu su sanyaya shi da busasshiyar ƙanƙara. Ka ga ke nan ko fim ɗin ma ana yi masa dabara. Kuma cikin hasken da ya faɗa masa, ɗan kaɗan ne cikin ɗari yake riƙewa.

Na'urar CCD, wadda Boyle da Smith suka ƙirƙiro a 1969 a Amurka, tana iya kama fiye da rabin hasken. Mai kyamarar dijital ba ya yin ɗauka ɗaya doguwa, sai gajeru ɗari ko fiye, sannan ya jera su bisa juna a kwamfuta. Nan ne ake cewa an shiga ƙarya, amma ni ban yarda ba. Ɗauki misalin alƙali da shaidu ɗari, kowa ya ga abin cikin duhu, kowa da ɗan kuskurensa. Kurakuran ba sa haɗuwa wuri guda, abin da aka gani da gaske kuwa yana maimaituwa a bakin kowa. Haka tsakuwar da zafin na'ura ke jefawa cikin hoto take dusashewa, tauraron ya tsaya. Ba a ƙara masa ko ƙwayar haske da ba daga sama ta zo ba.

Launi ya fi wuya. Sanannen hoton nan na Hubble na 1995, ginshiƙan ƙura na gajimaren Mikiya, an ba hasken haidurojin launin kore alhali ja ne, don a bambanta shi da na farar wuta. Sun faɗi abin da suka yi, saboda haka fassara na ɗauke shi, kuma mai fassarar da ya ce fassara yake bai ci amanar kowa ba.

Inda na ja layi daban ne. A 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai ga ramukan wata sun fito tsaf. Ramukan nan ba ta madubi suka shigo ba, wayar ta riga ta haddace kamannin wata ne. Wannan shi ne mai shaidar da bai je wurin ba, ya ji labari a kasuwa. Kuma abin da ya fi damuna, mai wayar zai tura wa abokai yana cewa "ni na ɗauka", da zuciya ɗaya, bai ma san an sa shi shaidar zur ba.

Duk wanda ya fita bayan gari a Damagaram ko Tawa cikin daren da hazo ya kwanta, ya ɗaga ido, zai ƙirga shida ko bakwai cikin Kaza da Ƴaƴanta. Fim ko dijital zai nuna masa ɗaruruwa, har da shuɗin hayaƙin da ke kewaye da su, wanda idonsa bai taɓa gani ba.