Laifin Wane Ne?

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Lokoja ya san abin da yakan faru a Gwagwalada sa'ad da motoci biyu suka yi karo. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, direbobi sun fito, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sau da yawa mai ƙarfin murya, ko mai mota mai tsada, shi ake ba gaskiya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hukuma tana da nata ma'aunin. 'Yan sanda sukan auna wurin, su duba sawun taya a kan kwalta, su ji ta bakin shaidu, jami'an VIO kuma su gwada birki. Wanda ya bugi wani ta baya, galibi shi ake ɗora wa laifi, gama bai bar tazara ba. Doka ta kuma wajabta inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. A shekarar 2023 aka mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, diyyar dukiya kuwa har naira miliyan 3.

Amma ƙaunatattu, awon 'yan sanda yana nuna ƙarshen al'amari ne kawai. A Littafin Fitowa sura 21 akwai shari'ar san da ya kashe san maƙwabci. In tsautsayi ne, masu shanun biyu za su raba hasarar. In kuwa an san san da halin tunkuyi, mai shi bai tsare shi ba, shi kaɗai zai biya. Abin da aka auna shi ne abin da mutum ya sani tun da fari, ya yi sakaci.

Motarka ita ce sanka. Bakanike ya ce birki ya cinye, ka ce sai ƙarshen wata. Ka ga taya ta suɗe, ka kau da kai. Ka ba ɗanka makulli alhali ba shi da lasisi. Ranar da abin ya auku kada ka ce ƙaddara ce, ko aikin maƙiya. Laifin ya soma ne tun a ƙofar gida.

Saboda haka, in hatsari ya same ka, fara da rai kafin ƙarfe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan cikin Gwagwalada. A kai wanda ya ji ciwo tukuna. Bayan haka ka faɗi gaskiya, ko da za ta ci aljihunka. Kada ka sayi shaida, kada ka koya wa matarka da 'ya'yanka abin da za su faɗa. Yaron da ya ji mahaifinsa ya ce, "Ni ne da laifi," ya sami gādon da ya fi mota.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.