Itacen Latoon da ma'aunin camfi

A ƙasar Ailan an rarraba karkara zuwa ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowanne da sunansa da almararsa. Ɗaya daga ciki shi ne Latoon, cikin lardin Clare. A can, a shekarar 1999, aikin wata babbar hanya ya doshi wani ɗan itace mai ƙaya, sai masanin tatsuniyoyi Eddie Lenihan ya ɗaga murya: bisa faɗar mutanen dā, a nan aljannun Munster ke taruwa in za su yaƙi da na Connacht. Hukuma ta bar itacen, hanya ta bi ta gefensa.

Shin hankali ne ya rusuna wa camfi? Kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Ailan na da dubban kufai masu da'ira, gidajen manoman da suka rayu fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Tun kafin a kafa dokar kare kayan tarihi, tsoron aljannu ne ya hana garma shiga cikinsu. Da tsoron ya ragu a ƙarni na 20, manyan injuna suka baje da yawansu. Ashe camfi ya yi wa tarihi gadi, kamar yadda tsoron iskoki ya tsare kuka da tsamiya a ƙasar Hausa.

To amma wannan imani yana da wata fuska. A 1895, a Ballyvadlea cikin lardin Tipperary, Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget, yana cewa aljannu sun sace ta sun bar musanya. Tushen da ya ceci itace shi ne ya ci ran mace.

Saboda haka tambayar ko aljannu na zaune a Latoon ba ta isa ma'auni ba. Abin dubawa shi ne aikin da imani ke sa hannun mutum. In ya ce masa ya dakata, kada ya sare abin da bai shuka ba, to yana koyar da kunya gaban abin da aka gada, kuma ko wanda bai yarda da aljannu ba zai iya girmama shi ba tare da munafunci ba. In kuwa ya tura hannu ga jikin ɗan Adam, tsufansa ba zai wanke shi ba. Sauran aiki yana kan ƴan baya: su koyi barin itace tsaye saboda sanin darajarsa, tun da tsoron da ke tsaronsa yana ƙarewa.